Daga Ɗiban Gwamna Zuwa Lasisi: Sharuɗɗan Kafa Kamfanin Dillancin Aiki da Matsalar Kalmominsu a Hausa

1.0 GABATARWA

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, samarin ƙauyukan ƙasar Katagum sukan yi haramar tafiya cin rani. Wasu su tsaya a Azare, wasu su nufi Kano ko Jos ko Abuja, wasu kuma har Ikko da Fatakwal. Akwai ma masu ƙetarawa zuwa Saudiyya da maƙwabtanta domin aikatau. Da yawa daga cikin waɗannan matafiya ba da ka suke tafiya ba. Akwai wani a tsakani wanda ya ce ya san inda aiki yake. Shi wannan na tsakani, dokar Nijeriya ta san da zamansa, ta kuma gindaya masa sharuɗɗa, sai dai da Ingilishi ta gindaya su.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan sharuɗɗa da kuɗin da cika su yake ci, tare da ɗaukar Chinade, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Katagum ta Jihar Bauchi, a matsayin wurin misali. Daga nan za a dubi kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a wannan fage, domin a nuna cewa kowacce tana ɗauke da tata al'ada, kuma sau da yawa al'adar takan saɓa wa abin da doka take nufi. Idan mai fassara bai lura da wannan ba, yana iya halatta da Hausa abin da doka ta haramta da Ingilishi.

2.0 SAMO MA'AIKATA KAFIN ZUWAN LASISI

Hausa tana da wadatar kalmomi game da aikin da ake yi wa wani. Ga kaɗan daga cikinsu:

(1) gayya: aikin taimakon juna, ba a biyan lada sai abinci;
(2) ƙwadago: aikin ƙarfi na yini ko rabin yini, a biya nan take;
(3) jinga: a yi cinikin aikin gaba ɗaya, ko ya daɗe ko ya yi sauri;
(4) barantaka: zama ƙarƙashin ubangida, ci da sutura a wuyansa;
(5) aikatau: aikin gida, musamman na mata da yara;
(6) cin rani: barin gida da rani domin nema da kuma rage wa rumbu baki.

Prothero ya yi nazarin masu cin rani na Lardin Sakkwato a shekarun 1950, Hill (1972) kuma ta yi bayanin ƙwadago a ƙauyen Ɓatagarawa na ƙasar Katsina. Game da na tsakani kuwa, Cohen (1969) ya nuna yadda maigida a Sabon Ibadan yake saukar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa. A wannan tsari ba takarda ce take riƙe da mutum ba, mutuncinsa ne jinginarsa. Wanda ya ci amanar baƙo, labari zai riga shi isa gida.

Zuwan Turawa ya kawo sabbin kalmomi na aro, irin su lebura da heluma da ɗan kwangila, ya kuma kawo wata hanyar samun ma'aikata wadda babu ciniki a cikinta. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta juyo kan ta Jos. Tsakanin 1942 da 1944 an tilasta wa mutane kimanin 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, kamar yadda Freund (1981) ya bayyana, kuma da yawa sun rasu saboda sanyi da yunwa da cuta. Umurni yakan taso daga Razdan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, kowa da adadin da aka yanka masa. Lardin Bauchi, wanda aka mayar da ƙasar Katagum cikinsa a 1926, yana cikin lardunan da abin ya shafa. Sunan da talakawa suka raɗa wa wannan aiki shi ne ɗiban gwamna. Za mu komo kan wannan suna a sashe na 5.1.

Irin wannan tarihi, a nan da sauran ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, shi ya sa dokokin samo ma'aikata suke cike da zargi. Yarjejeniya ta 50 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1936, ta hana sarakuna da hakimai zama wakilan masu neman ma'aikata, ko matsa wa talakawansu, ko karɓar wani lada a kan haka. Daga wannan yarjejeniya dokar Nijeriya ta gaji ma'anar da take bai wa sana'ar har yau.

3.0 ABIN DA DOKA TA TANADA

Sha'anin ƙwadago yana cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya. Saboda haka mutumin Chinade da yake son buɗe irin wannan kamfani ba zai sami izini daga hakimi ba, ko daga sakatariyar ƙaramar hukuma a Azare, ko ma daga gwamnatin jiha. Matakan da zai bi su ne kamar haka.

3.1 Rajistar Kamfani

Mataki na farko shi ne rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, bisa Dokar Kamfanoni ta 2020. Wannan doka ta yarda mutum guda ya kafa kamfani mai zaman kansa, ta kuma ƙayyade cewa mafi ƙarancin jarin hannun jarin irin wannan kamfani naira 100,000 ne. Wajibi ne kundin manufofin kamfanin ya ambaci samar da ma'aikata a cikin ayyukansa. Bayan haka sai a yi rajista da hukumar haraji. A nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe, domin sukan ɗauka takardar CAC ita ce lasisi. Takardar CAC shaidar haihuwar kamfani ce kawai. Ba ta ba shi ikon nemo ko da ma'aikaci ɗaya ba.

3.2 Lasisin Ma'aikatar Ƙwadago

Uwar dokokin wannan fage ita ce Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa a matsayin Doka ta 21 ta 1974, take kuma Babi na L1 a tarin dokokin Tarayya na 2004. Sashe na 23 ya hana kowa nemo ɗan ƙasa domin yin aiki, a cikin Nijeriya ko a waje, sai da ɗayan takardu biyu. Ta farko ita ce izinin da sashe na 24 ya tanadar wa mai aiki da yake nema wa kansa ma'aikata. Ta biyu ita ce lasisin da sashe na 25 ya tanadar wa wanda yake nemo wa wani. Sashe na 71 kuma ya hana buɗe ofishin sama wa mutane aiki don kuɗi sai da rubutacciyar yardar Minista.

Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Aiki ta Tarayya ce take bayar da lasisin, kuma iri biyu ne: na cikin gida da na ƙetare, wanda sharuɗɗansa suka fi tsanani. Daga cikin abubuwan da take nema akwai takardun rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji, da bayanin daraktoci da manyan ma'aikata, da samfurin takardar yarjejeniyar aiki, da shaidar rajista da hukumomin fansho da na diyyar ma'aikata, da kuma lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Jami'an ƙwadago sukan ziyarci ofishin su gani da idonsu kafin a amince. Lasisin yana da wa'adi, ana sabunta shi, ana kuma iya soke shi. Ga mutumin Chinade, ofishin ma'aikatar na jiha yana garin Bauchi, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Azare.

3.3 Haƙƙin Wanda Aka Nemo

Lasisi yana tafe da nauyi. Dokar ta ce a duba lafiyar wanda aka nemo ba da kuɗinsa ba, a kai shi wurin aiki, a ciyar da shi a hanya, a kuma komo da shi gida idan wa'adi ya cika ko ya kasa aiki saboda ciwo. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3 da kamawa. Wanda za a fitar ƙetare kuwa, sai an gabatar da shi gaban jami'in ƙwadago, ya tabbatar da cewa ya fahimci yarjejeniyar, ya kuma yarda da ita ba da yaudara ko tursasawa ba. Wannan sharaɗi na fahimta shi ne ƙofar da masanin harshe yake shiga ta cikinta, domin ba a fahimta sai da harshen da ake ji.

3.4 Iyakar Lasisi

Akwai ayyukan da wannan lasisi bai wadatar ba. Mai son samar da masu gadi sai ya nemi wani lasisi daban bisa Dokar Kamfanonin Gadi ta 1986, wadda rundunar Sibil Difens take kula da ita. Haka kuma Dokar Hana Fataucin Mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiwatarwa, ta mayar da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi. Ke nan dillaliyar da take kwasar ƙananan yara mata daga ƙauye zuwa aikatau a birni, babu lasisin da zai wanke ta.

4.0 KUƊIN DA ABIN YAKE CI

Ana iya kasa kuɗin gida uku. Kashi na farko shi ne na kafawa: kuɗin rajistar CAC wanda yake ƙaruwa gwargwadon jarin da aka ayyana, da ladan lauya ko akanta, da hayar ofis da kayansa, da zirga-zirga zuwa Bauchi da Abuja. Kashi na biyu shi ne na lasisi: kuɗin nema da na sabuntawa, waɗanda ma'aikatar take ƙayyadewa, ake kuma biya cikin asusun bai-ɗaya na gwamnati, sai kuma abin da banki ko kamfanin inshora zai caza kafin ya bayar da lamuni.

Kashi na uku shi ya fi nauyi, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Ya shafi kamfanin da yake riƙe ma'aikata da sunansa, yana tura su aiki a wani wuri, kamar masu shara da masu aikin lambu da manyan asibitoci da makarantu suke ɗauka ta hannun 'yan kwangila. A idon doka, irin wannan kamfani shi ne mai aiki, don haka waɗannan suna wuyansa:

(7) mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata, bisa dokar 2024;
(8) fansho: kashi 10 cikin 100 daga mai aiki, kashi 8 daga ma'aikaci, bisa dokar 2014;
(9) inshorar rai da ta kai ninki 3 na albashin shekara, bisa ita wannan doka;
(10) kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga asusun diyyar ma'aikata, bisa dokar 2010;
(11) kashi 1 cikin 100 ga Asusun Horar da Ma'aikata.

Mu ƙaddara wani kamfani a Azare yana da ma'aikata 30, kowa a kan mafi ƙarancin albashi, mu kuma yi lissafi a kan albashin gaba ɗaya. Albashin wata zai kama naira 2,100,000. Fanshon da ke kan kamfani 210,000 ne, diyya 21,000, horarwa 21,000. Jimla ta zama naira 2,352,000 a kowane wata, ban da inshorar rai da haraji da hidimar ofis. Idan wanda ake yi wa aikin ya yi jinkirin biya na wata 3, sai kamfanin ya fitar da naira 7,056,000 daga aljihunsa, domin doka ba ta ce ma'aikaci ya jira ba. Wanda ba shi da wannan ƙarfi, abu biyu yakan faɗa wa: ko ya danne albashi, ko ya juya kan masu neman aiki da kuɗin fom. Na farkon saɓa doka ne a fili. Na biyun kuwa yakan fake ne a bayan kalmomi.

5.0 MATSALAR KALMOMI

5.1 Ɗiba, Ɗauka da Nemo

Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya bayyana sana'ar da cewa duk wani yunƙuri ne na samo ko samar da aikin mutanen da ba su kawo kansu wurin aiki ko ofishin neman aiki ba. Kafofin watsa labarai sukan fassara wannan da ɗaukar ma'aikata ko ɗibar ma'aikata. A dubi waɗannan jimloli:

(12) Kamfani ya ɗauki ma'aikata.
(13) Kamfani ya ɗebi ma'aikata.
(14) Kamfani ya nemo ma'aikata.

Jimla ta (12) tana nuna an ƙulla aiki tsakanin kamfani da ma'aikatan, alhali kuwa na tsakani sau da yawa ba shi ne mai ɗauka ba. A jimla ta (13), aikatau ɗin da aka yi amfani da shi ya fi zama da abin da ba a ƙidaya shi ɗaya-ɗaya, kamar ruwa da hatsi da ƙasa. Waɗanda suka raɗa sunan ɗiban gwamna sun san abin da suke faɗi: an ɗebe su ne kamar yadda ake ɗibar tsaba a buhu, ba a tambayi kowa ba. Kalmar da take ɗauke da wannan tarihi ba ta dace da dokar da ginshiƙinta yarda ce ba. Jimla ta (14) kuwa tana da aikatau ɗan giredi na 6 a rabon Parsons (1960), mai ƙarewa da wasalin -o, wanda yake nuna an je can an yi aikin an komo nan. Wannan ita ce ma'anar sashe na 91 daidai wa daida: a je inda mutane suke, a zo da su. Don haka muna ganin lasisin nemo ma'aikata ya fi cancanta ga takardar sashe na 25.

5.2 Dillali da La'ada

Hausa ta riga ta karɓi kamfanin dillancin labarai, saboda haka kamfanin dillancin aiki ba zai yi wa kunne nauyi ba, shi ya sa ma muka yi amfani da shi a kan wannan maƙala. Amma dillali yana tafe da la'adarsa. A kasuwar dabbobi ko ta hatsi, babu mai ganin laifin dillali idan ya karɓi la'ada, ko daga mai saye ko daga mai sayarwa. Malaman fiƙihu ma sun yi bayanin ladan ɗan tsakani a babukan ijara da ji'ala. Don haka idan aka ce wa saurayin Chinade wane dillalin aiki ne, shi da kansa zai tambayi nawa ne la'ada.

Doka kuwa ta bi wata hanya daban. Sanarwar Filadelfiya ta 1944 ta kafa ƙa'idar cewa aikin ɗan Adam ba haja ba ne. Yarjejeniya ta 181 ta 1997, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2023, ta faɗa a sashenta na 7 cewa kada kamfani ya caji ma'aikaci wani kuɗi, a fili ko a fakaice, duka ko wani ɓangare, sai abin da hukuma ta keɓe. Mai neman ma'aikata shi ne mai biya. Ke nan duk inda aka rubuta dillancin aiki, ya kamata a biyo shi da bayanin cewa la'ada tana kan mai ba da aiki. Haka kuma a lura da sauran sunayen da kuɗin yake ɓuya a cikinsu, irin su kuɗin fom, da na goro, da kamasho, da kafin alƙalami. Kalmar ejan, wadda ta yaɗu ta hanyar tafiya Makka, ta fi kowacce haɗari, domin tana da ƙamshin hukuma alhali ba ta nuna wanda ejan ɗin yake wakilta.

5.3 Ma'aikaci da Lebura

A bakin Bahaushe, ma'aikaci shi ne mai albashi, musamman na gwamnati. Mai aikin ƙarfi lebura ne ko ɗan ƙwadago. A sashe na 91 kuwa abin ya kusa zama akasin haka: wanda dokar take karewa shi ne mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, ta kuma fitar da masu aikin gudanarwa da na zartarwa da ƙwararru. Idan aka yi shela a rediyo cewa doka ta kare haƙƙin ma'aikata, lebura zai ɗauka ba da shi ake ba, alhali shi ne ɗan gida. Mafita ita ce a riƙa haɗa kalmomin, a ce ma'aikaci ko lebura, a duk takardar da za ta je hannun jama'a.

5.4 Lamuni da Kafili

Lamuni kalma ce da ta zauna daidai, domin a gargajiyance ma tana nufin tsaya wa wani. Bambancin kawai shi ne, a da maigida ne yake lamuncewa da mutuncinsa, yanzu banki ne da kuɗinsa, domin a sami abin biyan ma'aikata idan kamfani ya gaza. Sai dai kada a haɗa ta da kafili, wadda masu zuwa ƙasashen Larabawa suka shigo da ita. A asalin Larabci ma'anarsu ta yi kusa, amma a tsarin kafala, kafili shi ne wanda takardar zaman baƙo take rataye a kansa. Wanda ya ji an ce an sama masa kafili, yana iya ɗauka an sama masa mai tsaya masa, ba mai iko da zamansa ba.

6.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta nuna cewa kafa kamfanin dillancin aiki yana bukatar rajistar CAC, da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago, da lamuni, da jarin da zai ɗauki albashi da sauran haƙƙoƙi. Ta kuma nuna cewa kalmomi irin su ɗiba da la'ada da ma'aikaci da kafili suna iya karkatar da nufin doka. An riga an yi share fage da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi (1990) da kuma ƙamus ɗin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu (1991), amma fagen ƙwadago yana bukatar nasa aikin. Muna ba da shawarar cewa sassan koyar da harsunan Nijeriya su haɗa hannu da Ma'aikatar Ƙwadago a fassara sashe na 7 da na 23 zuwa 48 da na 71 da na 91 na dokar, a kuma fitar da samfurin yarjejeniyar aiki cikin boko da ajami. Kafin a tabbatar da kowace kalma, a gwada ta a bakin masu cin rani a wurare irin su Chinade, a ji abin da suka fahimta da ita. Haka nan yana da kyau masana Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci su yi irin wannan nazari, domin a ga ko tarkon da ke cikin dillali da la'ada yana da takwara a harsunansu.